LAMBUN GAYYA A SABO: KOWACE ƘASA DA LOKACIN SHUKARTA

Wannan shi ne jawabin da shugaban kwamitin noma na ƙungiyarmu ya gabatar a wajen babban taron shekara da aka yi a Sabo, Ibadan. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi, domin amfanin 'yan'uwa waɗanda ba su sami halarta ba.



  

An ɗora mini nauyin in yi bayani a kan lambun gayya da kwamitin noma yake roƙon wannan ƙungiya ta kafa. Ina roƙon ku ba ni hankalinku na ɗan lokaci, domin maganar ta shafi tukunyar kowane gida a unguwar nan. Zan fara da dalilin da ya sa muka kawo shawarar, sannan in zo kan lokutan shuka na wannan ƙasa, waɗanda suka sha bamban da na gida, daga ƙarshe kuma in faɗi yadda muke ganin za a tsara aikin.

ME YA SA SAI LAMBU?

Jama'a, wannan unguwa tamu ta Sabo an kafa ta tun shekarar 1916, bayan da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano. Kakanninmu fatauci ne ya kawo su, su sauke shanu su ɗauki goro. Shi kuwa bafatake ba ya shuka, saboda bai san ko lokacin girbi zai same shi a garin ba. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To amma yau fiye da shekara 100 ke nan, wace irin raɓa ce za ta daɗe haka rana ba ta shanye ta ba? A cikin wannan zaure akwai wanda a nan aka binne cibiyarsa, a nan aka binne ta mahaifinsa. Mun gina gidaje, mun gina masallatai da makarantu, amma ganyen da za a sa a miya har gobe sai mun jira mota ko mun je kasuwa.

Ku dubi abin da ke cikin tukunyar nan. Tumatir daga Kadawa da Kura da Ɗanja, albasa daga Aliero da ƙasar Sakkwato, tafiyar da ta haura kilomita 800. Duk abin da ya taɓa wannan hanya, to ya taɓa tukunyarmu. A shekarar 2016 tsutsar nan da manoman Kano suke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Katsina da Kaduna, har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A watan Fabrairu na 2021 aka yi rikicin kasuwar Sasa, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, Allah kada ya maimaita mana, bayansa kuma aka tsayar da lodin abinci daga Arewa zuwa Kudu na wasu 'yan kwanaki. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi. A tsakiyar 2024 tumatir ya sake yin tsadar da gidaje da yawa suka koma na gwangwani da na leda. A duk waɗannan lokuta, uwargida a Sabo ta sha wahala daidai da kowace mace a garin nan, ko da kuwa maigidanta shi ne mai sauke kwandunan.

Ina son 'yan'uwanmu 'yan gwari su kwantar da hankalinsu. Lambun da muke magana ba zai tare wa kowa ciniki ba, domin ba lambun da zai ciyar da birni kamar Ibadan. Abin da muke nema shi ne ranar da hanya ta toshe, ko kaya suka yi tsada, gidan marayu da gidan mai ƙaramin ƙarfi su sami abin kaɗa miya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

LOKACIN NAN BA NA GIDA BA NE

To yanzu ga gundarin maganar. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne, kuma wannan shi ne ƙarfinmu, amma a nan ne kuma ake yin tuntuɓe. Mutum zai zo da lissafin damina na garinsu ya shuka da shi a Kurmi, shuka ta lalace, sai ya ce ƙasar nan ba ta karɓar irinmu. Ƙasa kuwa ba ta da laifi, lissafin ne bai dace da ita ba.

A gida mun san bazara da damina da kaka da rani. Ruwa ya sauka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, a yi marka a Agusta, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, shuka ɗaya girbi ɗaya. A nan Ibadan kuwa ruwa yakan fara tun Maris, ya kankama a Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli. Daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta sai ya ɗan tsagaita na wasu makonni, ya dawo da ƙarfinsa a Satumba da Oktoba, sannan ya ɗauke wajen farkon Nuwamba. A shekara ana samun sama da milimita 1,200. Kun ga ke nan watan da yake marka a gida, a nan shi ne hutun ruwa, kuma damina biyu Allah ya ba wannan ƙasa a shekara guda. Shi ya sa kuke ganin maƙwabtanmu Yarabawa suna cin sabuwar masara tun Yuni, lokacin da a gida ake cikin shuka, su kuma sake cin wata a ƙarshen shekara.

Bari in bi muku shekarar daki-daki.

Fabrairu da Maris lokacin shiri ne. A share fili, a ja shinge, a tara taki, a kuma zuba irin attarugu da tattasai da gauta a wurin reno, ƙarƙashin 'yar rumfa ta ganyen kwakwa, ana ba su ruwa da hannu. Attarugu da tattasai sukan yi mako biyar zuwa shida kafin su isa dashe, tumatir kuwa mako uku zuwa huɗu. Kada ruwan farko ya ruɗe mu. Sau da yawa yakan zuba sau ɗaya a Maris ya yi shiru na kwana goma ko fiye, iri ya tsiro rana ta ƙone shi. A bari a sami ruwa mai kyau sau biyu ko uku, a tona ƙasa a ga laima ta shiga kamar tsawon tafin hannu, sannan a shuka.

Afrilu da Mayu lokacin babbar shuka ne. Masara, kuɓewa, alayyafo, lalo, yakuwa, rama, kabewa da ugu duk yanzu ne, haka ma dashen attarugu, wanda ya fi kyau a yi shi da yamma in rana ta yi sanyi. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, saboda haka a gauraya shi da yashi kafin a yayyafa don kada ya taru wuri ɗaya, kuma cikin mako uku zuwa huɗu ya isa tugewa. Lalo, wanda Yarabawa suke kira ewedu, irinsa yana da taurin ɓawo, sai an ƙulle shi a ƙyalle an tsoma a tafasasshen ruwa kamar daƙiƙa biyar zuwa goma, a fitar a shanya ya sha iska, sannan zai tsiro gaba ɗaya. Kuɓewa a jiƙa irinta kwana ɗaya. Cikin mako shida zuwa takwas za ta fara 'ya'ya, kuma a riƙa tsinka bayan kowane kwana biyu ko uku, domin in aka bar ta ta ƙosa a jikin uwa sai ta rage haihuwa. Kada kuma a shuka ganye duka rana ɗaya. A zuba wani yau, wani bayan mako biyu, wani bayan wata, yadda ba za a rasa abin tsinka ba, kuma ba zai yi yawa ya lalace ba.

Yuni da Yuli ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. A nan nake son tsofaffin 'yan lambu su saurare ni da kyau. A gida mukan yi fangali mai zurfi da gefe a ɗage, don ya riƙe ruwa, domin ruwan ne ba mu da shi. A daminar Kurmi kuwa fangali irin wannan kabarin shuka ne, saiwa za ta ruɓe cikin kwana kaɗan. Sai dai a ɗaga ƙasa sama kamar gado, tsayin santimita 20, faɗin mita ɗaya yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe, a bar lambatu tsakani ruwa ya wuce. In filin gangare ne, kamar yadda yawancin filayen garin nan suke, a gicciya kunya ta tare gangaren, kada a bi shi, in ba haka ba ruwa zai kwashe ƙasar da takin gaba ɗaya. A wannan lokaci ciyawa tana tashi da sauri, sai an yi cira duk mako. Tumatir kuma ba ya son wannan tsananin laima, saboda haka a ba ganye da kuɓewa ƙarfi.

Agusta lokacin karya masarar farko ne, da shanya abin da za a shanya, da gyara wuri domin shuka ta biyu. Daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba a shuka wake da masara ta biyu, a dasa tumatirin da aka rena, domin su nuna daidai lokacin da ruwa yake ɗaukewa. Wake in an shuka shi da damina ta farko yakan yi ganye jingim, amma 'ya'yan su ruɓe saboda babu ranar da za ta busar da su. Sai dai ina jan kunne, hutun Agusta ba alkawari ba ne. Ambaliyar Ogunpa da ta ci rayuka masu yawa ranar 31 ga Agusta 1980 ta faru, ita ma ta 2011 ranar 26 ga Agusta ce, lokacin da aka yi ruwan da ya haura milimita 180 cikin 'yan sa'o'i. Don haka kada wanda ya kafa lambun damina a bakin rafi, kome kyan ƙasar wurin.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa, wannan fagenmu ne. Noman rani gadonmu ne, tun zamanin jigo har zuwa na injin ban ruwa. Yanzu ne fangali na gida zai yi aiki, yanzu ne kuma za a iya sauka fadama. Latas, kabeji, karas, kokwamba, alayyafo da lalo duk suna yi, kuma lokacin ne ganye ya fi daraja a kasuwa. A ba da ruwa da sassafe da kuma yamma, a lulluɓe ƙasa da busasshiyar ciyawa don kada laima ta gudu. Hunturun nan gajere ne, Disamba da Janairu, bai kuma kai na gida sanyi da bushewa ba, shi ya sa albasa ba ta cika yin babban kai a nan ba. Wanda yake son albasa ya shuka ta domin lawashi, ya bar wa mutanen Aliero nasu.

TAKI, RUWA DA ƘWARI

Ƙasar Kurmi tana ruɗin ido. Ka ga daji kore shar ka ce ai nan ko sanda aka dasa za ta tsiro, alhali kuwa yawan ruwa yana wanke ƙarfin ƙasa, in aka noma ta shekara biyu ko uku ba taki sai ta gaji. Alhamdu lillahi taki bai fi ƙarfinmu ba. Ga kara a Akinyele inda 'yan'uwanmu suke da shanu, ga tumaki da awaki a cikin gidajenmu, ga kuma gidajen kaji da suka cika Jihar Oyo. Abin kiyayewa shi ne ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙone shuka. A tara shi a rufe ya yi mako uku zuwa huɗu ya huce tukuna. Haka kuma a haƙa rami a gefen lambu, a riƙa zuba ɓawon doya da na ayaba da ganye da toka da kashin dabbobi, ana juyawa duk mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙar ƙasa mai kyau. Amma banda leda, banda kwalba, banda batir, kuma kada a kwaso ƙasar bola inda ake ƙona tarkace, domin gubar da ke cikinta ganye yana sha, mu kuma mu ci.

Maganar ruwa ita ma haka take. Kowa ya san abin da ake zubawa a Ogunpa da kwatocin garin nan. Latas da kabeji da karas ɗanyu ake cin su, in aka shayar da su da ruwan kwata, to an sayo wa yara kwalara da taifot da kuɗin aljihu. Mu nemi ruwan rijiya, mu kuma tari ruwan sama daga indararo a duro, a rufe bakinsa saboda sauro.

Ƙwarin nan ma akwai waɗanda ba mu saba da su ba. Akwai farar nan mai launi-launi da take fitowa da rani. Tun suna ƙanana sukan taru wuri ɗaya a kan ganye, kuma da sassafe ba su da kuzari, to lokacin ne za a kakkaɓe su a bokitin ruwan sabulu. Akwai katantanwa da take cin ƙananan shuka da dare a damina. Akwai tsutsar masara da masana suka fara ganowa a nahiyar Afirka a farkon 2016, a nan kudu maso yammacin Nijeriya, wadda take shiga cikin ƙoƙon masara ta ɓuya. A ƙaramin lambu, a duba kowace safiya a kashe da hannu, a zuba toka da yashi a cikin ƙoƙon. Ga kuma darbejiya, maganin da muka sani tun a gida: a daka 'ya'yanta busassu, giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a bari ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma.

Babban abokin gaban tumatir a wannan ƙasa wata cuta ce da take cikin ƙasa. Za ka ga shuka kore shar da safe, kafin kwana biyu ta yi yaushi ta langaɓe alhali akwai laima. In kana son ka tabbatar, yanki karan ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa garau, za ka ga wani abu fari kamar zare yana sauka daga bakin yankan. Wannan ba ta da maganin feshi. A tuge a ƙone, kada a sa a ramin taki, kuma kada a sake sa tumatir ko attarugu ko tattasai ko gauta a wurin har shekara uku, domin duk dangi ɗaya ne. A sa masara ko alayyafo a madadinsu. Wanda kuma dole ta sa shi sayen maganin feshi, ya sa a karanta masa takardar jikin kwalba, ya kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin tsinka. Fiya-fiya dai don Allah kada ya kusanci abin da za a ci.

Game da iri, mu daina dogara ga wanda aka ƙullo mana daga gida kaɗai. A cikin garin nan, a Idi-Ishin, akwai cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a 1975. A kan hanyar Oyo kuma ga IITA tun 1967. Daga ƙasashe ake zuwa neman ilmi a wuraren nan, mu kuwa muna wuce su a mota. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Kwamiti yana neman izini ya tura wakilai su je su yi tambaya a kan irin da ya dace da nan, tunda matambayi ba ya ɓata.

INA FILIN?

Na san wani yana cewa a ransa, Malam, a Sabo ina wurin da za a ajiye ko tabarma, balle lambu? Gaskiya ne. Amsar gida biyu ce.

Ta farko, lambun cikin gida. Buhun shinkafa da ya ƙare, tsohon bokiti, fasasshen baho, duk gona ne. A huda ƙasansa ruwa ya riƙa fita, a cika da ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a ajiye inda rana take samu kamar awa shida. Buhu biyar na alayyafo da lalo, biyu na attarugu, da zogale guda a kusurwar gida wanda ake sare kansa daidai ƙirji don ya yi rassa, sun rage wa maigida kuɗin cefane. Wannan kuma aiki ne da iyayenmu mata da matanmu za su yi ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Sai dai a kare shi daga akuya da kaji.

Ta biyu, babban lambun gayya, wanda sai mun nemi aron fili, ko a harabar makarantunmu ko a bayan gari wajen Moniya da Akinyele da Ido. A nan sai mun yi hattara ƙwarai. A ƙasar Yarabawa babu filin da ba shi da mai shi, ko da ka gan shi daji ne. A je wurin masu fili da baalen wurin da girmamawa, tare da dattawanmu. A yi magana a fili kan shekara nawa, da abin da za a riƙa bayarwa, wanda su a al'adarsu suke kira isakole, a rubuta a takarda da shaidu daga ɓangarorin biyu. Kada a dasa mangwaro ko lemo ko wani itace mai daɗewa sai da izini, domin a wurinsu dasa itace alama ce ta neman mallaka. Kada a shiga ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ko kan bututun mai. In an yi girbin farko kuma, a fara kai wa mai fili da maƙwabta. Su ma fa sun san gayya, suna da owe, suna da aro, wato aikin taimakon juna a gona. Mu koya musu ban ruwan rani, su koya mana lokutan damina da noman ganyayensu. Mutumin da kuka sunkuya tare a kunya ɗaya, da wuya wani ya zuga shi a kanka ranar fitina.

YADDA ZA A TSARA GAYYAR

Dattawa sun san yadda gayya take a gida. Mai gona ya raba goro, a dama fura da kunu, makaɗa su zo da gangar noma, samari su yi layi, kafin azahar an tashi gona. Amma gayyar gona ta yini ɗaya ce, lambu kuwa kamar jariri yake, kullum sai an duba shi. Yawancin lambunan jama'a ba ranar farko suke mutuwa ba, ranar farko kowa yana nan har da masu ɗaukar hoto. A mako na uku suke mutuwa, ranar da kowa ya zaci wani ne zai ba da ruwa. Don kada mu yi taron tsintsiya ba shara, kwamiti ya kawo waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, a raba aikin gida biyu. Babban aiki, wato sharar fili da shinge da tada kunya da haƙa rijiya, a yi shi da gayya ranar Lahadi, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi. Aikin kullum kuwa, kowane fangali ya zama da sunan mutum ɗaya a littafi, kowane fangali goma da shugabansu. Wanda tafiya ta kama, tunda mu matafiya ne, ya faɗi wanda ya bar wa amana kafin ya hau mota.

Na biyu, a raba amfanin gida uku: kashi ɗaya na waɗanda suka yi aiki, kashi ɗaya na marayu da gajiyayyu da makarantun allo, kashi ɗaya a sayar a sayi iri da kayan aiki. A karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba, domin zargi ya fi fara saurin cinye lambu.

Na uku, ba sai mai riƙe fartanya ne kaɗai ɗan gayya ba. Dillalin shanu ya ba da taki, direba ya ɗauko shi, ɗan gwari ya ba da tsofaffin kwanduna, mai walda ya gyara baro da manjagara, mai shayi ya kawo abin karyawa ranar aiki, ɗan boko ya riƙe littafi, liman ya yi sanarwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, samarinmu da almajirai su shiga da rabonsu cikakke, kada a mai da su 'yan aikin banza, kuma kada aikin ya ci lokacin karatunsu. Yaron da ya iya reno da dashe da ban ruwa ya sami sana'ar da zai ci abinci da ita ko'ina ya je a ƙasar nan.

Na biyar, a sa mata biyu a cikin kwamiti, domin su suka san ganyen da ake bukata da wanda za a bari ya bushe a kwando. Na shida, masu dabbobi su ɗaure abinsu, wanda kuma dabbarsa ta yi ɓarna a kai magana gaban dattawa a sasanta, kada a kai ga faɗa.

Ranka ya daɗe, jama'a, gwamnatoci sun sha kiran mutane su koma gona. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa har makarantu suka yi lambuna, a 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo nata shirin bunƙasa noma. Shirye-shiryen sun tafi da gwamnatocin da suka kawo su. Namu ba mai kawo mana shi, saboda haka ba mai tafiya da shi, sai in mu muka sake shi. Malamanmu kuma sun sha karantar da mu cewa wanda ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, yana da ladan sadaka. Ga abinci, ga lada, ga zaman lafiya da maƙwabta.

Abin da nake roƙo a yau kaɗan ne. Kafin a watse, duk mai niyya ya ba magatakarda sunansa da abin da zai iya bayarwa, ko ƙarfi, ko taki, ko mota, ko buhu. Muna son a gama maganar fili a kuma tara taki kafin ƙarshen Fabrairu, domin ruwan Maris ba ya jiran kowa. Wanda kuma ba zai iya zuwa bayan gari ba, ya fara da buhu ɗaya a tsakar gidansa cikin wannan mako.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a abin da za mu shuka, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana wannan unguwa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.